Kundin aiki: mayar da lissafin shagunan atamfa kan manhajar da aka saki kafin ta kammalu

Litinin, 26 ga Fabrairu, 2024

Alhaji ya ɗora mini aikin mayar da lissafin shagunansa uku na Kantin Kwari da sitonsu daga littattafan hannu zuwa kwamfuta, kuma a nan zan riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya. Abin da ake nema shi ne kowane turmin atamfa, kowane yadin shadda da kowane leshi ya shiga lissafi tun daga saukarsa a sito har fitarsa a hannun mai saye, sannan a riƙa sanin bashin da ake bin kowane abokin ciniki ba sai an jira ƙarshen wata ba. Da yawa daga cikin masu sarin kayanmu daga Nijar da Chadi da Kamaru suke zuwa, suna ɗaukar kaya su biya rabi su cika daga baya, saboda haka littafin bashi shi ne ƙashin bayan wannan kasuwanci.

Manhajar da aka zaɓa ta wani ƙaramin kamfani ce na cikin gida, kuma sabuwa ce fil. Wakilin kamfanin bai ɓoye mana ba cewa sun yi hanzarin fitar da ita ne domin su riski cinikin azumi, lokacin da 'yan kasuwa ke da kuɗi a hannu kuma suke jin nauyin lissafi. Da na bi sassanta ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar wurin karɓar kayan da aka dawo da su bai fara aiki ba, wurin fitar da bayanai zuwa wata manhaja ma haka, kuma ba ta karɓar rabin yadi, alhali mai sayen shadda yakan ce a yanka masa yadi huɗu da rabi. Amsar wakilin a kan kowanne ita ce: "Yallaɓai, yana nan tafe a sabuntawa ta gaba."

Na shawarci Alhaji da a karɓe ta bisa sharaɗi guda, wato ba za a daina amfani da littafin hannu da rasit mai kabon ba har sai lissafin ɓangarorin biyu ya yi daidai na tsawon watanni a jere. Ya amince, duk da cewa hakan ninkin aiki ne ga yaran shago. An girka manhajar a kwamfutocin shagunan uku da ta sito, an shigar da sunayen kaya da farashinsu, kuma an fara koya wa masu karɓar kuɗi.

Asabar, 16 ga Maris, 2024

Azumi ya kama ranar Litinin 11 ga wata, kasuwa ta fara cika. Tun da aka girka manhajar babu makon da ya wuce ba a turo sabuntawa sau biyu ko uku ba, kuma babu wadda ta zo da bayanin abin da aka taɓa a cikinta in ban da jimla ɗaya da ba ta canzawa, wai an gyara wasu matsaloli an kuma ƙara inganci. Rabin yadi ya fara shiga, wannan ci gaba ne. Amma zubin da ya kawo shi, wato sabon nau'in manhajar da aka turo, ya mayar da sunayen abokan ciniki masu farawa da Ɗ ko Ƙ alamar tambaya, ta yadda in aka nemi asusun mutum ba ya fitowa, sai yaro ya buɗe masa sabo, bashinsa ya rabu gida biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka gina ta: da zarar sabon zubi ya fito, tsohon ba ya buɗewa har sai an sauke sabon. Mai shago ba shi da ikon cewa a dakata zuwa dare. Illar wannan ta fito fili ranar Alhamis 14 ga wata, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har manhajojin bankuna suka riƙa ƙin aiki. Da safiyar wannan rana kamfanin ya riga ya saki sabuntawa. Kwamfutocin shaguna biyu suka tsaya a kan allon da ke cewa a sabunta, saukewar kuma ta ƙi tafiya, aka wuni ana ciniki da biro da takarda. Katsewar wayar teku ba laifin kamfanin ba ne, amma kulle manhajar da ke aiki lafiya jiya saboda kawai an fitar da wata yau zaɓinsu ne, kuma na rubuta musu a kan haka.

Talata, 2 ga Afrilu, 2024

Wannan makon ya fi kowanne nauyi. Rahoton manhaja ya nuna cewa a shago na biyu kuɗin da aka tarar a aljihun tebur, haɗe da na POS da na taransifa, bai kai cinikin da aka rubuta ba, kuma giɓin ya yi ta maimaituwa kwana bayan kwana. Mai karɓar kuɗin shagon matashi ne da ya taso a gidan Alhaji, bai taɓa samun tabo ba. Alhaji ya kira shi bayan an sha ruwa, ya ajiye masa takardar rahoton a gabansa, ya ce: "Yaro, ka faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah, ina kuɗin nan suka shiga?" Yaron ya durƙusa ya ce: "Wallahi Baba ban ɗauki ko sisi ba, abin da aka ba ni shi na saka." Bai iya ƙara komai ba, domin ba shi da hanyar ƙaryata lambar da ke kan takarda. Na nemi alfarma na ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in bi rasit ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke hukunci." Alhaji ya ce: "To Malam, ka bi."

Na kwashe kwafin kabon na makon, na jera su kusa da jerin cinikin da manhaja ta adana. A ranar farko kaɗai na ga cinikin turmi shida na atamfa iri ɗaya ya fito sau biyu a manhaja, mai saye ɗaya, kuɗi ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa kaɗan, alhali a takardar kabon sau ɗaya yake, da sa hannun mai sayen. Na ci gaba, na sami irinsa a kowace ranar da aka samu giɓi. Sai na sa aka ƙidaya kayan shagon a kan kanta. Turamen da ke jere sun fi adadin da manhaja ta ce sun rage, kuma da aka lissafa kuɗin rarar kayan sai ya zo daidai da giɓin. Da sata ce da kaya sun yi ƙasa ko sun tsaya yadda suke, ba za su ƙaru ba.

Yadda abin yake faruwa, kamar yadda na gano ta hanyar gwadawa da kaina, shi ne haka. Idan aka kammala ciniki, kwamfutar shago tana aika shi zuwa rumbun kamfanin da ke intanet, sannan ta jira amsar cewa ya isa. Idan layi ya yanke bayan saƙon ya isa amma kafin amsar ta dawo, sai kwamfutar ta ɗauka bai je ba, ta sake aikawa. Rumbun kuwa ba shi da hanyar gane cewa wannan shi ne na ɗazu, saboda ba a bai wa kowane ciniki lambarsa ta daban tun daga shago ba, sai ya rubuta shi a matsayin sabo. Shago na biyu yana can cikin lungun gini inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa abin ya fi kama shi. Wannan matsala sananniya ce ga duk mai rubuta manhajar da ke hulɗa da kuɗi, kuma gwaji na yini ɗaya a wurin da intanet ke da rauni ya isa ya fito da ita. Ba a yi gwajin ba, sai aka bar shi ya gudana a kan mutuncin yaron mutane.

Alhaji ya kira yaron a gaban sauran ya wanke shi, ya kuma nemi ya yafe masa zargin.

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

An yi Sallah ranar Laraba 10 ga wata, kasuwa ta lafa, na samu sararin bin kamfanin. Da farko ɓangaren kula da abokan hulɗarsu ya ce mu kaɗai muka kawo irin wannan ƙorafi, kuma wataƙila yaranmu ne ke danna maɓalli sau biyu. Sai da na tura musu hotunan rasit da lokutan da cinikin suka shiga, na kuma bayyana musu yadda za su maimaita matsalar da kansu ta hanyar kashe data a tsakiyar aikawa, sannan suka yarda. A 'yan kwanakin nan na zagaya wurin wasu 'yan kasuwa da ke amfani da manhajar, na ji cewa akwai waɗanda suka kai ƙorafi iri ɗaya tun kafin mu, aka kuma ba su amsar da aka ba mu.

Facin da suka turo, wato ɗan gyaran manhajar, ya tsayar da ninkin ciniki. Sai dai bai goge cinikin da aka riga aka ninka ba, don haka na zauna na cire su da hannu, ina rubuta kowanne a takarda domin a samu abin komawa. Kuma facin ya zo da nasa ciwon: na'urar buga rasit ta daina fitar da layin ƙarshe, wanda shi ne jimillar kuɗi. An gyara wannan bayan kwana biyu da wani facin.

Rahoton mai amfani da ya nutse a cikin tarin saƙonni ba ƙananan kamfanoni kaɗai yake samu ba. A ranar 2 ga Oktoba, 2018 Microsoft ya saki babbar sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, cikin 'yan kwanaki ya janye ta saboda tana goge fayilolin wasu mutane, bai sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. Daga baya ta bayyana cewa masu gwaji sun kai rahoton matsalar tun kafin a saki, amma da yake ba su da yawa ba a kula ba, har kamfanin ya ƙara wurin nuna tsananin matsala a hanyar kai rahoto. Ƙorafin da mutum ɗaya ya kawo a kan ɓatan kuɗi ko bayanai ya fi ƙorafin mutum ɗari a kan launin maɓalli, kuma na faɗa wa wakilin haka.

Litinin, 27 ga Mayu, 2024

Aiki ya ɗan daidaita a wannan wata. Wurin karɓar kayan da aka dawo da su ya fara aiki, an haɗe asusun abokan cinikin da suka rabu biyu, kuma sito ya shiga tsarin gaba ɗaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce, 24 ga Mayu, wata doka ta fara aiki a Birtaniya wadda ta soke hukuncin da kotuna suka yanke wa ɗaruruwan masu riƙe da rassan gidan waya, kuma na ga ya dace in rubuta labarin a nan saboda kusancinsa da abin da ya faru a shago na biyu. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara girka wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin ICL mallakar Fujitsu ya ƙera. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassa, yarjejeniyar aiki kuma ta ɗora wa mai riƙe da reshe biyan duk abin da ya ɓata. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900 bisa zargin sata ko zamba ko lissafin ƙarya, kusan 700 daga ciki hukumar gidan wayar ce da kanta ta shigar da ƙararsu. Wasu sun yi zaman gidan yari, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da babu shi, wasu sun rasu kafin a wanke su. Da yawansu sun ba da shaida cewa da suka kira layin taimako an ce musu su kaɗai ke da matsalar.

Ɗaya daga cikin tangarɗar da aka tabbatar ana kiranta da sunan garin Dalmellington na Sikotland, inda aka gano ta. Allo yakan tsaya cik lokacin da mai aiki ke tabbatar da karɓar kuɗi, shi kuma ya sake danna maɓalli, kowace dannawa tana sake shigar da kuɗin a lissafi ba tare da ya sani ba, har aka samu giɓin fam 24,000 a reshe guda. Ninkin shigarwa ke nan, ɗan'uwan wanda ya same mu. Sai da mutum 555 suka haɗu ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, mai shari'a Peter Fraser ya yanke a Disamba 2019 cewa manhajar tana da kurakurai masu iya haifar da giɓi, sannan a Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya. Kwamitin bincike da Sir Wyn Williams ke shugabanta ya ji shaidar cewa tun kafin a girka ta a rassa, wasu daga cikin masu ƙera ta sun ba da shawarar a sake rubuta ɓangaren lissafin kuɗi, ba a bi shawarar ba.

Abin da ya ba wannan zalunci ƙafa har da wata ƙa'idar shari'ar Ingila da ke ɗaukar cewa kwamfuta daidai take aiki har sai wanda ake zargi ya kawo hujjar akasin haka, alhali shi ba shi da ikon leƙa cikinta. A kasuwarmu babu rubutacciyar ƙa'ida irin wannan, amma a zukatan mutane tana nan: takardar da firinta ta buga ta fi rantsuwar yaro kwarjini. Na karanta wa Alhaji labarin, muka tsayar da doka a shagunan cewa rahoton manhaja shi kaɗai ba zai zama hujjar tuhumar kowa ba, sai an haɗa shi da kwafin kabon da ƙidayar kaya, kuma wanda ake tuhuma yana wurin lokacin da ake haɗawar.

Litinin, 24 ga Yuni, 2024

Kafin Babbar Sallah wata sabuwar tangarɗa ta fito. Saboda tangal-tangal ɗin naira a bana, farashin atamfa da shadda yana canzawa a kai a kai. Bayan wata sabuntawa, duk lokacin da aka ɗaga farashin kaya sai bashin wanda ya ɗauki kayan tun watannin baya ya tashi tare da shi, domin manhajar ta koma lissafa bashi da farashin yau maimakon na ranar ciniki. Wani dattijo daga cikin masu sarinmu na Maraɗi ne ya fara lura, ya fito da rasit ɗinsa daga aljihu ya ce ba haka aka yi da shi ba, kuma gaskiyarsa ce. Bashi amana ce, ƙara wa mutum abin da bai ci ba kuwa babu mai son haɗuwa da Allah da shi, ko da na'ura ce ta ƙara. An koma littafin hannu aka gyara asusun duk wanda abin ya shafa.

Daga nan na ware tsohuwar kwamfuta guda a ofis ta zama ta gwaji. Na zuba mata kwafin bayananmu, na kuma rubuta jerin abubuwan da za a gwada a kan kowane sabon zubi: sayar da turmi da rabin yadi, ciniki da data a kashe, canza farashin kayan da ke da bashi a kansa, neman suna mai harafin Hausa, da buga rasit. Matsalar ita ce muddin kamfanin yana tilasta sabuntawa a kan dukkan kwamfutoci lokaci guda, gwajina bayan ɓarna yake zuwa.

Asabar, 27 ga Yuli, 2024

Abin da ya faru a duniya ranar Juma'a 19 ga wata ya ba ni hujjar da nake nema. Kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wata ƙaramar sabuntawa zuwa manhajarsa ta Falcon, kwamfutocin Windows da suka karɓe ta suka faɗi suka kasa tashi. Cikin kusan minti 78 kamfanin ya janye ta, amma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 sun riga sun kamu. An soke tashin dubban jirage, asibitoci da bankuna da gidajen talabijin suka tsaya, kuma da yake kwamfutar da ta kasa tashi ba ta iya sauke gyara, sai da ma'aikata suka bi da yawansu ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. A bayanin farko da kamfanin ya fitar ranar 24 ga wata, ya ce manhajar da ke tantance irin wannan sabuntawa ita ma tana da kuskure, shi ya sa ta bar gurɓataccen fayil ya wuce. Alkawuran da ya ɗauka su ne abin lura: zai riƙa sakin sabuntawa kashi-kashi, daga 'yan na'urori kaɗan zuwa masu yawa, zai bai wa abokan hulɗa ikon zaɓar lokacin karɓa, kuma zai riƙa bayyana abin da ke ciki.

Waɗannan su ne ainihin abubuwan da nake roƙo tun Maris. Ba na adawa da faci. Manhajar da ba a gyarawa ta fi haɗari, musamman ta fuskar tsaro, kuma babu wadda ake gamawa babu kuskure ko ɗaya. Amma akwai bambanci tsakanin gyaran abin da ya kuɓuce wa gwaji da mayar da abokin ciniki ɗakin gwajin. Tun Oktoba 2003 Microsoft ya ware Talata ta biyu a kowane wata domin fitar da gyare-gyarensa, don masu kula da kwamfutoci su san ranar su shirya, kuma shagon Google Play yana bai wa duk mai manhaja damar sakin sabon zubi ga kaso kaɗan na masu amfani tukuna. Hanyoyin suna nan, ba sa bukatar babban jari.

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa, Alhaji ya sa hannu, wasu 'yan kasuwa da ke amfani da manhajar su ma suka sa. Mun nemi rana tsayayya ta sabuntawa, da bayanin abin da aka canza, da damar jinkirtawa, da hanyar komawa tsohon zubi, da ikon fitar da bayananmu duk lokacin da muka so, da kuma a daina sakin sabon abu a cikin azumi in ba gyaran tsaro ba ne.

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Mai kamfanin da kansa ya zo, matashi ne mai ladabi da sanin aikinsa. Ya bayyana cewa ma'aikatansa 'yan kaɗan ne, babu wanda aikinsa gwaji ne kawai, kuma kuɗin da suka ranta ne ya tilasta musu fara sayarwa kafin su gama. Na fahimci matsin, kuma ina son kamfanonin gida su tsaya da ƙafarsu, domin su ne za su san turmi da yadi da yadda ake bashi a Kwari. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, ya ce: "Ɗana, sauri ya haifi nawa. Da ka ce mana ba ta gama ba, da mun taya ka gwadawa da saninmu, ba mu ɗora amanar mutane a kanta ba."

An cimma matsaya a rubuce. Sabuntawa za ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata tare da jerin abin da aka canza, kwamfutar gwajinmu za ta samu mako guda kafin na shaguna, kuma tsohon zubi zai ci gaba da buɗewa. Fitar da bayanai ya fara aiki tun makon jiya, yanzu kowane dare ana ɗaukar kwafin ajiya a filas. Komawa tsohon zubi kuwa sun ce ba za su iya ba tukuna, saboda kowace sabuntawa tana canza tsarin rumbun bayanan ta hanyar da ba ta juyuwa. Batun azumi sun ce za su duba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Zubin Oktoba shi ne na farko da ya bi sabon tsari. A kwamfutar gwaji ya nuna cewa rangwamen da aka yi wa mai saye ba ya raguwa daga jimillar rana, wanda da ya isa shaguna da ya sake haifar da giɓin ƙarya a kan masu karɓar kuɗi. Na mayar musu, suka gyara, sannan aka girka.

Daga wajen 21 ga Oktoba yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu sama da mako guda, bayan layin wutar Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana lalace tun kafin nan. Shagunan sun dogara da sola da janareta. A sito batir ya ƙare ana tsakiyar girka zubin, rumbun bayanan kwamfutar ya lalace ya ƙi buɗewa, amma kwafin daren da ya gabaci ranar ya dawo da komai in ban da shigarwar safiyar, wadda aka ɗauko daga littafi. Na ƙara a jerin bukatunmu cewa manhajar ta riƙa ɗaukar kwafi da kanta kafin ta fara sabuntawa.

Inda aiki ya tsaya yau: shago na ɗaya da na uku lissafin manhaja da na littafi sun yi daidai a Satumba da Oktoba. Shago na biyu yana da ɗan bambanci a yadin shadda, wanda nake zargin daga ragowar yanka yake fitowa, domin manhajar ba ta da wurin rubuta guntun da ya rage a ƙarshen bandir. Za a yi babbar ƙidayar kaya a ƙarshen Disamba, kuma a kan sakamakonta Alhaji zai yanke ko a daina amfani da littafin ciniki a shaguna biyun da suka daidaita. Littafin bashi da rasit mai kabon za su ci gaba a duk shagunan har bayan azumi mai zuwa, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris 2025, kuma kafin nan ina jiran amsar kamfanin a rubuce kan dakatar da sabuntawa a watan.